Dafa-dukan taliya da naman sa: tukunya ɗaya da ke ciyar da iyali a Khartum da Omdurman

Iyalan da ke komawa gidajensu a Khartum da Omdurman bayan fiye da shekara biyu na yaƙi suna tarar da madafa ba yadda suka bar ta ba. A gidaje da yawa an kwashe firiji da tukunyar gas, famfo ba ya kawo ruwa kullum, wutar lantarki kuma sai ta ga dama. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa watan Oktoban 2025 sama da mutum miliyan ɗaya sun koma birnin Khartum. Kowane gida daga cikinsu yana da tambaya guda da ke jiran amsa kafin magariba: me za a ɗora, da wane makamashi, kuma nawa zai ci?

Ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi sauƙi tsohon abu ne a wurin Bahaushe, wato dafa-duka. A Kano da Katsina ana cewa dafa-dukan taliya, a Maraɗi da Damagaram a ce dafa-dukan maka, a Sudan kuwa makarona da nama ake kiran irin wannan abinci. Abin da ya bambanta dafa-duka shi ne taliyar tana nuna a cikin romon naman, ba a tafasa ta daban a tsiyaye ba. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, kuma cikin minti 40 zuwa sa'a ɗaya an sauke.

Abin da ya sa tukunya ɗaya ta fi a yanzu

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, ya raba mutum sama da miliyan 12 da muhallansu. Sojoji sun sake karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025, a watan Mayu kuma suka ce sun kammala fitar da RSF daga jihar Khartum baki ɗaya. Harbe-harbe sun lafa a cikin birnin, amma kayan da girki ya dogara da su ba su dawo daidai ba.

Na farko shi ne gas. Matatar man Jaili da ke arewa da Khartum Bahri, wadda ita ce mafi girma a ƙasar, daga cikinta ake samun mafi yawan iskar gas ɗin girki kafin yaƙi. Ta lalace a faɗan, ta daina aiki. Gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma ga gawayi da itace, suna girki a kan kanun, wato murhun ƙarfen da ake ce wa kurfoti a Najeriya. Wanda ke sayen gawayi leda-leda ya san cewa tukunya biyu kuɗi biyu ne.

Na biyu ruwa. Idan za a tafasa rabin kilo na taliya yadda aka rubuta a jikin leda, ana buƙatar lita huɗu zuwa biyar, a ƙarshe kuma a zubar. Dafa-duka lita ɗaya da ɗan ƙari take sha, kuma babu ɗigon da ke tafiya kwata. A unguwar da ake sayen ruwa a wurin mai amalanken jaki, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne, balle a haɗa da ruwan wanke tukunya ta biyu da matsami.

Na uku kuɗi. Kafin yaƙi ana canjin dala ɗaya a kan kimanin fam 600 na Sudan. Kafin ƙarshen 2024 ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Albashi bai bi sawu ba, wasu ma albashin ya tsaya cak. Gidaje da dama suna rayuwa ne da abin da ɗan uwa ya turo daga Saudiyya ko Masar ta manhajar Bankak. Don haka abincin da zai sa rubu'in kilo na nama ya ratsa kwanon mutum shida yana da daraja.

Taliya a ƙasar kisra da asida

Asalin cimar Sudan dawa ce da gero, kamar ƙasar Hausa. Da dawa ake yin kisra, wata siririyar waina mai tsami, da asida, wadda ita ce tuwonsu. Ana cin su da mulah, wato miya, sau da yawa ta busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Hausawan da suka zauna a Sudan ba su sha wahalar sabawa da wannan cima ba. Wasunsu jikokin alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Wasu kuma aikin auduga ne ya kawo su gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. A yau ana samun su a Wad Madani da Gadarif da Kassala da Port Sudan, da unguwanni irin su Mayo da Ingaz a kudancin Khartum, da sassan Omdurman. Su ma sun ba Sudan nasu: agashe, tsiren da ake barbaɗa wa yajin gyaɗa, wanda ake sayarwa a bakin titunan babban birnin da yamma, daga hannun Hausawa ya fito.

Alkama ta mamaye birane ne a hankali, ta hanyar burodi da taliya. Sudan ba ta noma alkamar da za ta ishe ta, mafi yawa daga waje ake shigo da ita, musamman daga Rasha. Irin nauyin da alkama ta yi a rayuwar mutanen birni ya fito fili a Disambar 2018, lokacin da kuɗin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku a garin Atbara, zanga-zanga ta ɓarke, ta ci gaba har aka kifar da Omar al-Bashir ranar 11 ga Afrilun 2019. Kafin yaƙin yanzu, manyan injinan niƙa alkama da masana'antun taliya irin ta Nobo suna yankin Khartum Bahri ne, kuma wannan yanki na cikin waɗanda faɗa ya fi ɓarnatawa. Shi ya sa taliyar da ake shigowa da ita daga Masar da Turkiyya ta yawaita a shaguna.

Duk da tsadarta, taliya tana da abin da ya sa ta dace da lokacin wahala: ba ta buƙatar firiji, tana yin watanni ba ta lalace ba, ba a kai ta niƙa, ba a jiƙa ta kwana kamar ƙullun kisra, kuma tana nuna cikin minti 10 zuwa 12.

Matan Sudan sun fi sabawa da tafasa makarona daban, sannan a haɗa ta da dam'a, miyar nama da albasa mai kauri. Dafa ta cikin romo kuwa sananniyar hanya ce a maƙwabta. 'Yan Libiya suna da mbakbaka, taliyar da ake dafawa cikin romon tumatir da barkono a tukunya guda, wadda ta samo sunanta daga ƙarar tafasarta.  Dafa-dukan Hausawa da mbakbaka hikimarsu ɗaya ce.

Nama: daga Muwailih zuwa "miskol"

Sudan ƙasar dabbobi ce. Shanun da ake yankawa a babban birnin galibi daga Darfur da Kordofan suke fitowa, a da har da ƙafa ake koro su tafiyar makonni zuwa kasuwar Muwailih da ke yammacin Omdurman. A yanzu waɗannan yankuna biyu su ne filin daga, birnin El Fasher ma ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoban 2025. Hanya ta yi tsawo, shingaye sun yi yawa, kuma duk abin da aka biya a hanya a kan mai saye yake ƙarewa.

Tun kafin yaƙi ma talakan Khartum ya san sayen nama kaɗan-kaɗan. Akwai tsarin ciniki da ake kira "gadar zurufak", ma'ana daidai ƙarfinka, inda ake ƙulla mai da sukari da tumatirin gwangwani a 'yan ledoji. A wurin mahauci kuma akwai rubu'in rubu'i, wato gram 62 da rabi, wanda mutanen birnin suka laƙaba wa suna "miskol" cikin barkwanci, don naman yana leƙa tukunya ne kawai ya katse kamar kiran waya.

A wurin mahautan Sudan naman sa shi ne ajjali, kuma ya fi na rago araha. Don dafa-duka, niƙaƙƙen nama da suke kira mafruma ya fi dacewa saboda dalili biyu. Yana nuna cikin minti 10 zuwa 15, ga shi kuma yana watsuwa cikin tukunya ta yadda kowace loma za ta samu rabonta, babu yaron da zai yi kukan an hana shi tsoka. Abin lura shi ne a zaɓi tsokar da ido, a sa mahauci ya niƙa a gaban mai saye. Naman da aka niƙa tun safe aka ajiye cikin zafin Omdurman, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana saurin lalacewa fiye da gunduwa. In babu injin niƙa, uwargida ta yanka tsokar ƙanana ta gicciyen zarenta, ta ɗan daddaka a turmi. Ɗan kitse a jiki ba aibi ba ne, yana rage man da za a zuba.

Kayan haɗi na mutum shida

Wannan awo na gida ne mai manya biyu da yara huɗu:

Taliya gajera, irin mai lanƙwasa ko mai bututu, leda ɗaya ta rabin kilo. In doguwa ce a kakkarya ta gida uku.
Naman sa rubu'in kilo.
Albasa uku manya.
Tumatir huɗu nunannu, da ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya, wanda a Sudan ake ce wa salsa.
Tafarnuwa ƙwaya huɗu.
Tattasai ɗaya ko koren barkono, da attaruhu ko shatta gwargwadon bakin masu gida.
Karas biyu, in da hali.
Man gyaɗa ko man riɗi cokali huɗu na cin abinci.
Kayan ƙamshi: masoro, da kazbara, da shamar, kowanne rabin ƙaramin cokali, da ɗan ɓallin kirfa. Mai sha'awar ɗanɗanon gida ta ƙara citta da daddawa.
Gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. In za a sa dunƙulen ɗanɗano a rage gishirin.
Ruwa lita ɗaya da kofi ɗaya.
Lemon tsami ɗaya, na matsawa a kwano.

Yadda ake dafawa

Uwargida za ta fara gyara komai ta ajiye kusa kafin ta hura wuta, don gawayi ba ya jiran yankan albasa. Ta yanka albasa ƙanana, ta jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu, ta daka tafarnuwa da kayan ƙamshi, ta yanka karas 'yan mitsi-mitsi.

Ta ɗora tukunya mai kaurin gindi da murfin da ke rufuwa ruf. Ta zuba mai, in ya yi zafi ta zuba albasa da ɗan gishiri. Ta yi ta juyawa minti takwas zuwa goma har albasar ta yi ja ta yi laushi, ba tare da ta ƙone ba.

Ta tura albasar gefe, ta zuba naman a tsakiyar tukunya, ta baza shi. Kada ta taɓa shi na kamar minti biyu, sai gindinsa ya yi ja sannan ta farfasa da ludayi. Ruwan naman zai fito, ta bari ya ƙone har ta ji ƙarar suya ta dawo. Wannan zai ɗauki minti bakwai ko takwas.

Ta zuba tafarnuwa da kayan ƙamshi, ta juya rabin minti. Ta sa tumatirin gwangwani ta soya shi cikin man minti biyu har launinsa ya yi duhu. Sannan ta juye jajjagen da karas, ta bari su soyu minti biyar, har mai ya taso sama.

Ta zuba ruwan, ta kankare gindin tukunya da ludayi don abin da ya kama ya narke cikin romo. Ta sa sauran gishirin, ta rufe har ya tafasa. A nan ne za ta ɗanɗana. Romon ya kamata ya ɗan fi ƙarfin gishirin da ake so a ƙarshe, don taliya za ta shanye.

Ta zuba taliyar cikin romon da ke tafasa, ta juya sosai. Ruwan ya rufe taliyar da kamar kaurin yatsa ɗaya. Ta rage wuta ta hanyar janye wasu garwashin, ta rufe, ta riƙa buɗewa tana juyawa daga ƙasa duk bayan minti uku. Bayan minti takwas ta ciro ɗaya ta tauna. In ta yi laushi amma da sauran ɗan ƙarfi a tsakiya, kuma akwai ɗan romo a gindin tukunya, lokacin saukewa ya yi.

Ta sauke, ta bar tukunyar a rufe minti biyar. Zafin ciki zai ƙarasa dahuwar, taliyar ta shanye sauran romon. Ta juye a faranti, ta matsa lemon tsami a kai.

In gunduwar nama aka samu maimakon niƙaƙƙe, bayan suyar tumatir sai a zuba ruwan a rufe, a bar naman ya dahu a kan wuta marar ƙarfi minti 40 zuwa sa'a ɗaya, a cika ruwan da ya ƙone, sannan a zuba taliya. Wannan ya fi cin gawayi, amma romonsa ya fi daɗi, musamman in da ƙashi.

Dalilin kowane mataki, da inda ake kuskure

Suyar albasa da nama ita ce ke ba abincin ɗanɗano. Jan da nama ke yi a gindin tukunya yana samuwa ne idan zafi ya wuce na tafasar ruwa, shi ya sa naman da aka jefa cikin ruwa kai-tsaye ba ya ƙamshi irin na soyayye. Da nama kaɗan ne a hannu, wannan mataki ne ke sa a ji kamar yana da yawa. Albasa uku kuma ba almubazzaranci ba ne: tana narkewa ta ba romo kauri da zaƙi, dabarar da dam'ar Sudan ta dogara a kai ke nan.

Soya tumatirin gwangwani cikin mai yana kashe tsaminsa. Wadda ta zuba shi cikin ruwa za ta ji gafi a harshe.

Sitacin da ke fita daga jikin taliya, wanda ake zubarwa tare da ruwan tafashe, a dafa-duka yana zama cikin tukunya ya haɗe da mai, ya zama miya mai kama jikin taliyar. Amma shi ne kuma ke sa ta kama gindi, shi ya sa juyawa ta zama dole.

Kuskuren da aka fi yi uku ne. Cika ruwa tun farko, wanda ke sa a ci gaba da dafawa don ya tsotse har taliya ta caɓe. Gara a fara da kaɗan, a ajiye kofin ruwan zafi a gefe, in ya kasa a ƙara. Na biyu, ƙara ruwan sanyi a tsakiyar dahuwa, wanda ke katse tafasa ya sa taliya ta kumbura ba ta nuna ba. Na uku, jira sai ta nuna lugub kafin a sauke. Taliya ba ta daina dahuwa don an ɗauke ta daga wuta.

Yadda ake rage gawayi

Taliya ba ta buƙatar ruwa ya yi ta ɓulɓula kafin ta nuna. Muddin zafin ruwan bai sauka ƙasa da kimanin digiri 80 ba, dahuwa na ci gaba. A shekarar 2022, lokacin da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai, Giorgio Parisi, masanin kimiyya ɗan Italiya da ya ci kyautar Nobel a 2021, ya ba 'yan ƙasarsa shawarar su kashe wuta jim kaɗan bayan zuba taliya, su bar tukunya a rufe. Wasu masu dafa abinci a Italiya sun yi masa ca, amma dabarar tana aiki.

A madafar Omdurman ga yadda za a yi: bayan an zuba taliya ta tafasa minti uku, a juya sau ɗaya, a rufe ruf, a sauke tukunyar a kan katako ko buhu, a lulluɓe ta da tsohon bargo mai kauri. Bayan minti 15 a buɗe. A tabbatar babu garwashi a manne a gindin tukunya kafin a naɗe ta. Sauran wutar kuma a ɗora butar shayi ko a tafasa ruwan sha. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: ba a shiga da kanun mai wuta cikin ɗaki a rufe ƙofa, ko da sanyin Janairu, don iskar gawayi tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

Idan naman bai samu ba

Ranar da "miskol" kaɗai aljihu ya iya, akwai hanyoyin cike gurbi. Jan adas, wanda ke cika kasuwannin Sudan, yana nuna cikin minti 15 ba tare da jiƙo ba. A wanke kofi ɗaya a zuba tare da ruwan romo, a bari ya tafasa minti biyar kafin taliya, a ƙara ruwa kofi biyu. Zai narke ya haɗe da ɗan naman har ba a bambance su.

Sharmut, busasshen naman da matan Sudan ke shanyawa su daka, shi ma yana aiki: cokali uku na garinsa a soya tare da albasa. Ba ya buƙatar firiji, kuma hanya ce ta adana naman layya. A ƙasar Hausa dakakken kilishi ko busasshen kifi na iya maye gurbinsa. Cokali biyu na dakwa, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa irin tunkuza, a dama da ruwan ɗumi a zuba daf da saukewa, yana ƙara maiƙo da ƙoshi. Wanda ke da zogale ko alayyahu ya watsa hannu biyu a minti biyar na ƙarshe.

Abin da ke cikin faranti

Rabin kilo na busasshiyar taliya yana ɗauke da kimanin kalori 1,800. Idan aka haɗa da rubu'in kilo na nama da mai cokali huɗu da kayan miya, tukunyar za ta kai wajen kalori 3,000, wato kusan 500 ga kowane mutum cikin shida. Ma'aunin da hukumomin agaji ke aiki da shi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a yini. Ke nan wannan faranti kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na buƙatar yini. Abincin dare ne mai kyau ga gidan da ya karya kumallo ya ci na rana. Gidan da sau ɗaya yake ɗora tukunya, ko mai samari masu aikin ƙarfi, sai an ninka taliyar da ruwan, an ƙara adas.

Ta fuskar sinadarin gina jiki, taliyar na ba da kimanin gram 60, naman gram 50, kowa ya tashi da wajen gram 18. Naman sa yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, abin da mata masu ciki da yara ke buƙata ƙwarai. Lemon tsami da tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi na cikin adas da ganye, shayi kuwa yana rage shi. Tunda al'adar Sudan ce a bi abinci da shayi, gara mai ciki da yara su jinkirta shi kamar sa'a ɗaya. Gishiri kuma a yi hattara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce gram biyar a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano mafi yawansa gishiri ne.

Tsafta a lokacin kwalara

A watan Mayun 2025 cutar kwalara ta yi ƙamari a jihar Khartum, bayan hare-haren jirage marasa matuƙa sun lalata tashoshin lantarki a Omdurman, matatun ruwa suka tsaya, mutane suka koma ɗiba daga kogin Nilu da rijiyoyi. Dafa-duka tana da kariya a nan, don duk abin da ya shiga tukunya ya tafasa. Haɗarin yana wajen tukunya: hannun da bai ga sabulu ba, wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ta koma kan lemon tsami, farantin da aka ɗauraye da gurɓataccen ruwa, da salak ɗin da aka ajiye a gefe. Tunda hannu da yawa ke shiga faranti ɗaya, kowa ya wanke da sabulu, manya da yara.

Niƙaƙƙen nama dole ya nuna har ciki, kada a ga ja ko kaɗan. Ragowar abinci kuma, in babu firiji, kada ta wuce sa'a biyu a ajiye. Ɗumamen taliya da nama da ya kwana cikin zafi ba kamar ɗumamen tuwo ba ne. Gara a auna daidai cikin masu gida, in ya ragu a miƙa wa maƙwabci tun da zafinsa.

Babbar tukunyar unguwa

Miƙa wa maƙwabci ba baƙon abu ba ne a birnin. Tun farkon yaƙi, matasan unguwanni da suka kafa ƙungiyoyin agajin gaggawa suka buɗe madafun jama'a da ake kira takaya, sunan da aka aro daga wuraren ciyarwa na zawiyoyin Sufaye. Sun gina aikin a kan nafir, al'adar taimakon juna da Bahaushe ya sani da gayya. A manyan tukwane suke dafa adas ko ful ko shinkafa, kowane gida ya aiko da roba a zuba masa. Lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, ɗaruruwan irin waɗannan madafu sun rufe, waɗanda suka rage kuma suna tafiya ne da gudummawar 'yan Sudan mazauna waje. A shekarar ce ƙungiyoyin suka samu kyautar Rafto ta ƙasar Norway.

A wasu unguwannin Omdurman har yanzu yaro kan fita da roba da hantsi ya karɓo adas daga takiyya. Idan aka samu ledar taliya da ɗan nama da yamma, wannan adas ɗin ma ana iya juye shi cikin romon kafin a zuba taliyar, a rage ruwa da gishiri tunda ya riga ya dahu, tukunyar ta ishi har da baƙon da ya sauka bayan magariba.